Dallas ta ci ƙuri'a, amma ƙuri'ar ba ta ceci Nico ba

Ranar 11 ga Nuwamba, 2025, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas Mavericks ta sallami babban manajanta, Nico Harrison. In kana cikin masu hana idonsu barci har ƙarfe uku na dare saboda NBA, ko masu jiran gari ya waye su kalli guntayen bidiyo a TikTok, na san labarin bai ba ka mamaki ba. Wata tara cur magoya bayan ƙungiyar suka yi suna ihun a kore shi, a filin wasa da wajen fili. Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne, wata shida kacal kafin korar, mutumin nan ya taki irin sa'ar da manajoji da yawa ke tsufa ba su gani ba. Ta zo masa har gida, kuma ba ta hana a kore shi ba.

Bari mu koma farko, saboda waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suka sani.

A daren 1 ga Fabrairu, wayewar garin 2 ga wata, labari ya fashe cewa Dallas ta miƙa Luka Dončić ga Los Angeles Lakers. Mutane da yawa sun ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya fitar da labarin kutse ne a shafinsa, don hankali ya ƙi ɗauka. Luka, ɗan ƙasar Sulobeniya, shekararsa 25 a lokacin. Sau biyar a jere ana saka shi cikin gwanaye biyar na gasar baki ɗaya. Wata takwas kafin nan shi ya ja Dallas har wasan ƙarshe, inda Boston ta doke su. Irin ɗan wasan da ake gina ƙungiya a kansa na shekara goma ke nan. Me Dallas ta karɓa? Anthony Davis, gwani ne ba musu, amma yana dab da cika 32 kuma rauni ba ya barin sa ya sarara. Sai matashi Max Christie. Sai tikitin zaɓe guda ɗaya na 2029. Harrison bai buɗe kasuwa ba balle ƙungiyoyi su yi rububi. Da Lakers kaɗai ya ƙulla cinikin, a ɓoye. Hujjar da ya bayar a bainar jama'a ita ce tsaron baya ke cin kofi.

Davis ya ji rauni a wasansa na farko da rigar Dallas. A watan Maris Kyrie Irving ya tsinke jijiyar gwiwa. A watan Afrilu Luka ya dawo Dallas da rigar Lakers, ya yi hawaye da aka nuna bidiyon karramawa, sannan ya share ido ya zuba musu maki 45. Ƙungiyar ta gama kaka da nasara 39 da rashin nasara 43, ba ta shiga zagayen neman kofi ba.

A nan ne diraf ya shigo. A Firimiya, in ka zo na ƙarshe, sai ka tattara kayanka ka faɗa gasar 'yan dagaji. A NBA babu wannan. Ƙungiyoyi 30 ne, kuma duk lalacewar ƙungiya tana nan badi. Ƙari ma, ita ake fara ba damar zaɓar sababbin 'yan wasa da ke fitowa daga jami'o'in Amurka da ƙasashen waje. Wannan zaɓen na watan Yuni shi ake kira diraf: zagaye biyu, kowace ƙungiya da tikiti ɗaya a kowane zagaye, sai dai in ta sayar da nata ko ta sayi na wata. Yaron da aka zaɓa ba shi da ta cewa kan garin da zai je, kuma albashinsa na shekarun farko a ƙayyade yake. Ka ƙaddara Southampton, da ta zo ta ƙarshe a kakar 2024-25, a ce maimakon ta faɗi sai a ba ta Lamine Yamal a kan araha na shekara huɗu. To haka tsarin yake.

Kowa ya ji wannan ya san inda matsalar za ta ɓullo. In faɗuwa na da lada, wasu za su faɗi da gangan. A 1984 an zargi Houston Rockets da sakin jiki a ƙarshen kaka don ta samu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, kuma ta same shi. Shekara ɗaya bayan nan hukumar gasar ta kawo ƙuri'a. Yadda take a 2025, ƙungiyoyi 14 da ba su shiga zagayen kofi ba su ke shiga. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a cikin na'ura, a zaro huɗu. Haɗin lambobi 1,001 ne ke iya fitowa, an raba 1,000 a tsakanin ƙungiyoyin. Tun gyaran 2019, ƙungiyoyi uku mafi lalacewa kowacce kashi 14 cikin 100 take da shi na samun lamba ɗaya, sauran kuma rabonsu na raguwa har zuwa ƙasa. Gurabe huɗu na farko kawai ake wa ƙuri'a, ragowar a bi jerin wanda ya fi shan kashi.

Dallas ta shiga ƙuri'ar 12 ga Mayu, 2025 da kashi 1.8. Haɗi 18 ke nan cikin dubu. Ita ta ci. Ladan kuma Cooper Flagg ne, ɗan shekara 18 daga jami'ar Duke, wanda tun yana sakandare masu farautar 'yan wasa suka gama yarda shi ne na ɗaya.

Na san abin da ka rubuta a daren, ko abin da abokinka ya rubuta ka danna masa alamar so: “an shirya abin nan”. Wato wai hukumar ce ta saka wa Dallas saboda ta kai tauraro Los Angeles, inda kuɗin talabijin yake. Zargin ba sabo ba ne. Tun ƙuri'ar farko ta 1985, da New York ta samu Patrick Ewing, ake yaɗa cewa an sanyaya ambulan ɗinta a firji don kwamishina ya gane shi da taɓawa. Cleveland ta samu LeBron James, ɗan jiharta, a 2003. Chicago ta samu Derrick Rose, ɗan garinta, a 2008 da kashi 1.7. New Orleans ta samu Zion Williamson a 2019, daidai lokacin da Anthony Davis ɗin nan ke neman tafiya, kuma ina ya tafi? Lakers. In aka jero su haka, ko ni sai na ɗan ɗaga gira.

Amma ban yarda ba, ga dalilina. Ana zaro ƙwallayen ne a ɗakin da wakilan duk ƙungiyoyin 14 ke zaune, da 'yan jarida, da jami'in kamfanin binciken kuɗi na Ernst & Young, kuma ana sakin bidiyon daga baya. Masu waɗannan ƙungiyoyi biloniyoyi ne da ba sa ga maciji da juna wajen kuɗi. Wane ne cikinsu zai zauna shiru a yi masa fashin ɗan wasan da zai ninka darajar ƙungiyarsa? Sannan ka yi lissafin da kanka. Uku na ƙasa sun tashi da kashi 42 a haɗe. Saura kashi 58 yana hannun sauran 11. Ke nan a kowace shekara ya fi yiwuwa wata daga cikin “sauran” ta ci. Kuma duk wadda ta ci, in ka tona za ka samo labarin da zai dace da zargi. Da San Antonio ce ta ci, da an ce ana son a haɗa Flagg da Victor Wembanyama. Da Philadelphia ce, da an ce babbar kasuwa ce. Zargin da ke cin kowace amsa ba ya gaya maka komai.

Wanda ya cancanci tausayi a daren shi ne mai goyon bayan Utah Jazz. Ƙungiyarsa ta ci wasa 17 ta sha kashi 65, mafi muni a gasar. Wata shida yana kallon ana ajiye manyan 'yan wasa a benci, yana lallashin kansa cewa wuya ce mai ranar biya. Aka tashi, Utah ta faɗo ta biyar. Washington, mai nasara 18, ta zo ta shida. Kafin su Detroit ta sha wannan ɗacin sau biyu a jere: ita ce ta ƙarshe a 2023, shekarar Wembanyama, ta samu lamba biyar, ita ce ta ƙarshe a 2024, bayan ta yi rashin nasara 28 a jere, ta sake samun lamba biyar, Atlanta mai kashi 3 ta ɗauke na ɗaya. Daga 2019 zuwa 2025, ƙuri'a bakwai, ba sau ɗaya ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ta ci lamba ɗaya ba.

Wannan faɗuwar ganganci ita ce abin da ya fi ba ni haushi a gasar, kuma mu magoya baya muna da hannu. Wata Maris na yi za ka ga mutum yana murna a shafinsa don ƙungiyarsa ta sha kashi, yana zagin yaron da ya jefa ƙwallon da ta kawo nasara. Ita kanta Dallas ba baƙuwa ba ce a harkar. A 2023 an ci ta tarar dala 750,000 saboda ta ajiye manyan 'yan wasanta a wasan da ya kamata ta nemi ci, don kar tikitinta ya suɓuce. Tsohon mai ƙungiyar, Mark Cuban, ya biya dala 600,000 a 2018 don ya faɗa da bakinsa cewa faɗuwa ce ta fi musu alheri.

Wadda ta kai abin ƙarshe ita ce Philadelphia. Daga 2013 manajanta Sam Hinkie ya rushe ƙungiyar da gangan, kaka uku suna shan duka, har da wadda suka ci wasa 10 kacal cikin 82. Sun girbi Joel Embiid ɗan Kamaru a lamba uku, Jahlil Okafor a lamba uku, Ben Simmons a lamba ɗaya. A 2017 suka ƙara kaya suka hau lamba ɗaya don Markelle Fultz, Boston ta sauko ta uku ta ɗauki Jayson Tatum. Yau Tatum na da kofi. Okafor, Simmons da Fultz duk sun bar Philadelphia. Embiid ya zama gwarzon kaka a 2023, amma har zuwa 2025 ƙungiyar ba ta taɓa wuce zagaye na biyu da shi ba.

To a ce ma ka ci ƙuri'ar. Me ka samu? Tun bayan Tim Duncan, wanda San Antonio ta ɗauka a 1997, 'yan lamba ɗaya biyu ne kawai suka ci kofi da ƙungiyar da ta zaɓe su zuwa 2025: LeBron da Kyrie, tare a Cleveland a 2016, shi ma LeBron sai da ya tafi Miami ya dawo. Har zuwa 2025, rabon da ɗan lamba ɗaya ya zama gwarzon kaka tun 2013, LeBron ɗin dai. Dubi waɗanda suka karɓi kyautar a 'yan shekarun nan. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, lamba 15 aka ɗauke shi a 2013, shekarar da Cleveland ta zaɓi Anthony Bennett a na ɗaya, wanda yau da ƙyar ake tuna sunansa. Nikola Jokić na Sabiya, gwarzo sau uku, lamba 41 ne a 2014. Lokacin da aka kira sunansa gidan talabijin ɗin tallar abinci yake nunawa, sai a ɗan rubutun ƙasan allo aka gan shi. Shai Gilgeous-Alexander, gwarzon 2025, lamba 11 ne.

Ita ma Dallas tarihinta haka ya nuna. A 1998 Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi, wani haifaffen Legas, a lamba ɗaya, bai taɓa zama abin da aka zata ba. A lamba tara aka kira wani siririn Bajamushe, Dirk Nowitzki, Dallas ta karɓo shi daga Milwaukee a daren. Kaka 21 ya yi musu, shi ya kawo kofinsu ɗaya tilo a 2011. Luka ma na uku ne a 2018, bayan Deandre Ayton da Marvin Bagley, kuma musaya aka yi da Atlanta aka samo shi. Taurarin Dallas biyu mafi girma duk ido ne ya gano su, wani a ofis ya ga abin da wasu ba su gani ba ya biya farashi.

Kar ka ce na ce lamba ɗaya banza ce. Olajuwon ya kawo wa Houston kofi biyu, 1994 da 1995, har ba wanda ke zarginsu da barin Michael Jordan ya sauka na uku. Portland da ta ɗauki Sam Bowie a na biyu ita ke shan gorin har yau. Duncan ya kawo biyar. Wembanyama, in lafiya ta bar shi, zai iya canza gasar gaba ɗaya. Wasu shekarun yaron da ke sama ya cancanci duk rigimar. Sai dai duk waɗannan sun faɗa hannun mutanen da suka san yadda ake kewaye tauraro da abokan aiki.

A nan nake son ka tsaya kan wani namu. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors da ta ci kofi a 2019. A cikin ƙungiyar da ta ci kofin nan babu ɗan wasa ko ɗaya da aka zaɓa a cikin 14 na farko. Kawhi Leonard lamba 15 ne. Kyle Lowry 24. Marc Gasol 48. Pascal Siakam na Kamaru, wanda Masai ya zaɓa da kansa a 2016, lamba 27. Fred VanVleet ko kiran sunansa ba a yi ba a daren diraf. Kuma Masai ma ya taɓa yin cinikin da ya ƙona ran magoya baya: a 2018 ya sayar da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin Toronto, mutumin da ya so garin da gaske. An zage shi. Bambancinsa da Harrison shi ne ya bayar da gwani ya karɓo wanda ya fi shi, yana sane cewa mai yiwuwa shekara ɗaya kawai Kawhi zai yi. Shekara ɗayan ya yi, ya bar kofi ya tafi. Masai kansa ya rabu da Toronto a watan Yunin 2025, bayan 'yan shekaru na koma baya, don kujerar ba ta gado ba ce ga kowa.

Tafiyar Kawhi ɗin ce ma ta haifi zakarun 2025. Da zai koma Clippers a 2019, ya so a kawo masa Paul George. George na Oklahoma City, manajanta Sam Presti kuwa ya gane Clippers ba ta da mafita, sai ya tatse ta: Shai, da Danilo Gallinari, da tikitin zagayen farko biyar, da damar musayar gurbi biyu. Da ɗaya daga cikin tikitin ya ɗauki Jalen Williams a lamba 12 a 2022. Gaskiya ne Oklahoma ma ta yi nata kwanciyar, kaka biyu tana ƙasa, ta samu Chet Holmgren a lamba biyu, don haka hannunta ba fes yake ba. Amma ginshiƙin ƙungiyar daga ciniki ya fito, kuma Lu Dort, mai tsaron da ke hana taurari sakat, ba wanda ya zaɓe shi a diraf. Suka ci wasa 68 a kakar 2024-25, suka doke Indiana a wasa na bakwai suka ɗaga kofi.

Yanzu ka ajiye cinikin biyu gefe da gefe. Presti ya sayar da Paul George mai shekara 29 ya karɓi tikiti biyar da yaron da ya zama gwarzon gasa. Harrison ya sayar da Luka mai shekara 25, wanda ya fi George a kowane ma'auni, ya karɓi tikiti ɗaya. Wannan giɓin ba abin da ƙwallaye huɗu a cikin na'ura za su cike ba ne. Sabuwar kaka ta fara, Kyrie na jinya, Davis ya sake jin rauni, aka ɗora wa yaro ɗan 18 aikin raba ƙwallo da bai saba ba, ƙungiyar ta ci uku ta faɗi takwas. Patrick Dumont, wanda iyalinsa suka sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar daga Cuban a ƙarshen 2023, kuma wanda ya amince da cinikin Luka tun farko, shi ne ya sallami Harrison. Mai ƙungiya dai ba a korar sa.

In kai ɗan Lakers ne, ci gaba da dariyarka, Luka ya sa hannu a sabon kwantiragin shekara uku a watan Agustan 2025. In kuma Dallas kake yi, ko Flagg ne ya ja ka, ga abin da za ka sa wa ido. Don a gina ƙungiya a kusa da Luka, Dallas ta riga ta jinginar da tikitinta na zagayen farko daga 2027 zuwa 2030: wasu an bayar, wasu an ba wasu ƙungiyoyi damar musayar gurbi. A lokacin korar Harrison, na 2026 ne kaɗai ke hannunta sosai. Wato ko da sabon manaja ya so ya bi hanyar faɗuwar ganganci, kakar 2025-26 ce kawai za ta amfane shi; bayan nan duk kashin da Dallas ta sha, wasu ne za su ci ladan, ciki har da Oklahoma da San Antonio. Zaɓin da ya rage a lokacin shi ne a sayar da Davis da sauran manya tun suna da daraja a dawo da tikiti, ko a riƙe su a yi fatan lafiya. Da ni ne dai, na farkon zan zaɓa, kuma kafin a rufe kasuwar musaya a watan Fabrairun 2026. Flagg ya cika 19 ne a watan Disambar 2025, Davis kuma ya cika 33 a watan Maris na 2026.